Hannun Da Ya Fara Ja Da Baya

Akwai wata mata a layinmu nan Hsinchu, Anti Kuo, maman ƙawata Hsin-lan da muke zama benci ɗaya. Yau da aka fita tara Hsin-lan ta ba ni labarin nan, ko jakata ban ajiye ba na ce sai kun ji!

Anti Kuo injiniya ce a wani kamfani da ke haɗa injin gasa faya-fayan nan masu ƙyalli, waɗanda ake yanka ƙwaƙwalwar waya daga jikinsu. Sabon injinsu hannun ƙarfe biyu gare shi. Na waje ya ɗauko ɗanyen faifai ya ajiye a kan wata 'yar kanta. Na ciki ya ɗauka ya kai tanda, in ya gasu ya dawo da shi kan kantar, na waje ya kwashe.

Anti Kuo ce ke tsara wa na waje motsinsa. Na ciki kuwa na Injiniya Liao ne, abokinta tun suna sababbin ma'aikata.

To, wata rana hannayen suka yi karo, faifai ya tarwatse. A wajen taro, gaban Manaja, Liao ya ce, "Hannun Yaya Kuo ne. Gaggawa, kamar mai shi."

Kowa ya yi dariya, ban da ita. Daga ranar gaisuwa ta ƙare.

Kowannensu ya koma ya gyara nasa don kada a sake ɗora masa laifi. Ta rubuta wa nata: kada ka motsa sai na ciki ya motsa. Shi ma ya rubuta wa nasa: kada ka motsa sai na waje ya motsa.

Kun ga abin da zai faru, ko? Da kantar ta cika, sai na waje ya tsaya riƙe da ɗanye, na ciki ya tsaya riƙe da gasasshe, kowa na jiran a ba shi gurbi. Injin ya yi tsit, waɗanda ke cikin tanda kuma su ƙone.

Abokan aikinsu suka ɗora ledar biskit koriya a kan injin, yadda aka saba don inji ya yi ladabi. Bai yi ba. Suka ƙara har leda ta yi tsibi. Shiru.

Abin dariyar, duk su biyun sun san maganin. Hannu ɗaya ne zai haƙura ya riƙa barin gurbi a kan kantar, ya jira ba ya riƙe da komai. Amma wanda ya gyara nasa, ai kamar ya amsa laifi ne. Kuma a rahoto nasa ne zai fito mai zaman banza.

Sai Manaja ya tara su ya ce, "Masu saye na zuwa gwajin ƙarshe. In injin nan ya tsaya a gabansu, za a rufe sashen, a tura kowa reshenmu na can garin Tainan mai nisa."

Baban Hsin-lan shagon taliyar shinkafa gare shi a nan, ba zai iya barinsa ba. Ke nan Anti Kuo ita kaɗai za ta tafi. Hsin-lan ko abincin rana ta daina ci a makaranta.

Kafin a shiga wajen injin akwai wani ɗan ɗaki da iska ke kakkaɓe wa mutum ƙura, ƙofa ba ta buɗewa sai ta gama. Wata safiya Anti Kuo ta shiga, ƙofa ta rufe, ta waiga, sai ga Liao! Su biyu kawai, cikin fararen kayan nan da ido kaɗai ake gani.

Ya kalli sama. Ta kalli ƙasa. Can ta kira shi da sunan tsokanar da ta saba, ta ce, "Tsoho."

"Na'am?"

"Nawa hannun zai ja da baya."

Liao ya ce, "Yaya, kin san me za a ce? Za a ce ke ce."

"Su ce mana. Ni dai a gidana nake so in kwana."

"Ni fa ban roƙe ki ba."

"Wa ya ce ka roƙa? Ɗaga hannunka iska ta shiga, ka tsaya kamar naka na ƙarfe."

Ranar ta gyara nata. Injin ya dinga aiki, faifai na shiga faifai na fita, har masu saye suka zo suka gani suka sa hannu.

Bayan sun tafi Manaja ya duba rahoto, ya ce a gaban kowa, "Injiniya Kuo, naki ne mai zaman banza. Ashe tun farko ke ce matsalar."

Sai Liao ya miƙe.

"Manaja, wannan zaman banzan shi ke tafiyar da injin. Faifan da ya fashe kuma, nawa ne ya shiga kafin lokacinsa. Washegari na gano, na yi shiru." Ya juya wajenta ya sunkuya sosai. "Yaya, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ɗago, kada bayanka ya riƙe mu shiga wata matsalar."

Jama'a, ba wanda zai je Tainan! Yau Hsin-lan ta cinye abincinta har da rabin nawa!

Wai jiya da yamma Liao ya raka Anti Kuo shagon taliya. Da suka zo ƙofa ya ce, "Shiga, Yaya." Ta ce, "A'a, kai ne baƙo." Ya ce, "Haba, ke ce babba." Suna nan tsaye, sai baban Hsin-lan ya ɗaga ludayi daga ciki ya ce, "Don Allah ɗaya ya shigo, taliya na hucewa!"

Darasi: Idan kowa ya ce sai ɗaya ya fara, ba wanda zai motsa, kuma waɗanda ba ruwansu ne za su ƙone a tsakani. Wanda ya fara ja da baya bai faɗi ba, hanya ya buɗe. Ku tura wa wanda kuka daina gaisawa da shi, kada ku jira shi ya fara turo muku!