Muzuru Gwanin Yaɓe

Gatanan gatananku.
Ta zo mu sha dariya.

Kaji suka gaji da dukan ruwa da ɓarnar Muzuru, sai Zakara ya ce a gina akurkin laka. Ana cikin aiki sai ga Muzuru.

"Sannunku. Ni gwanin yaɓe ne, ku bar mini ciki."

Zakara ya ce, "Bismillah, Malam."

Muzuru ya shige ya laɓe, yana jiran su shigo kwana. Wata tsohuwar kaza ta hango ƙofa, ta ce, "Ga wani rami kun manta." Suka taru suka liƙe shi.

Muzuru ya yi ta roƙon a buɗe.

Zakara ya miƙe wuya, ruwa na dukansa, ya ce, "Kun ga gini? Ko Muzuru ya kasa ratsa shi."

Ƙurunƙus kan ɓera. Mai musu ya je ya buɗe masa.