Mai Kwalekwale da Dokar Bakin Kogi

Akwai wani mutum mai kwalekwale wanda yake haye da mutane a wani babban kogi. A wannan gefe akwai gari mai kasuwa, a ƙetare kuwa ƙauyuka ne na masu lambun tumatir da albasa.

Wata shekara dillalan garin suka zauna da sarkin jirgi, wato shugaban masu kwalekwale, suka kafa doka cewa kada a ƙara haye da mutumin ƙetare tare da kayansa. Sai dai ya sayar wa dillalai a can bakin kogi, a kan kuɗin da suka yanka. Masu kwalekwale kuwa, kowace ranar kasuwa za a ba su rabonsu. Mutumin nan yana zaune aka yi maganar. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma yana da iyali, sai ya bi sahu. Shekara biyu yana karɓar rabonsa, yana ce wa kansa, "Ai ba ni na kafa ta ba."

Ran nan wata gwauruwa ta zo bakin kogi da kwando uku na tumatir. Dillali ya taya kuɗin da ba zai sayi mudu biyu na gero ba. Da ta ƙi, ya juya mata baya, gama ya san tumatir ba ya jira. Sai ta zo wurin mai kwalekwalen.

Ta ce, "Baba, ka haye da ni in kai kasuwa da kaina."

Ya ce, "Doka ta hana, 'yata."

Ta ce, "Dokar ce ta yi mini ban ruwa wata uku? Ita za ta ciyar da marayuna?"

Ya dubi hannuwanta, duk sun tsattsage saboda igiyar guga. Kunya ta kama shi. Ya ce, "Shigo."

Matar ta sayar da tumatir ɗinta ninki huɗu na abin da dillali ya taya. Kafin la'asar sarkin jirgi ya aika aka kira mutumin.

Ya ce masa, "Kai kaɗai ne mai tausayi a kogin nan? Dukanmu muka yarda da dokar nan."

Mutumin ya amsa, "Ranka ya daɗe, dokar da ta hana cika jirgi fiye da kima ban taɓa karya ta ba, domin tana tsare rai. Wannan kuwa cin gumin talaka ce. Na ci shekara biyu, ba zan ƙara ba. Gobe ma in sun zo, zan haye da su."

Sai sauran masu kwalekwale suka jawo kwalekwalensa kan tudu, suka ɗaure da sarƙa. Matarsa ta ce, "Maigida, je ka ba su haƙuri. Me za mu ci?"

Ya ce, "Ban sani ba tukuna. Amma ba zan je ba."

Lokacin rani ne. Can sama da gari akwai wani mashigi inda ruwa yake tsayawa a ƙugu. Masu kwalekwale duka sun san shi, amma suna ɓoyewa, gama haye da mutane shi ne abincinsu. Mutumin ya saro sanduna, ya kafa su cikin ruwa daga wannan baki zuwa wancan. Da ranar kasuwa ta zagayo, ya ɗauki kwandon wani tsoho a kansa, ya shiga gaba, mutanen ƙetare suka bi shi.

Sarkin jirgi ya ɗaga murya daga tudu, "Ka kashe sana'arka da hannunka!"

Ya ce, "Na sani." Bai ko tsaya ba.

Da damina ta sauka, kogi ya cika, mashigin ya rufe. Amma masu lambu sun riga sun ga kuɗin kayansu da idonsu, suka ƙi sayarwa a bakin kogi. Masu kwalekwale suka fara haye da su, ɗaya bayan ɗaya, har dokar ta mutu ba wanda ya soke ta. Shi kuwa ba a mayar masa da kwalekwalensa ba. Rana ta fasa kwalekwalen a kan tudu. Ya ƙare kwanakinsa yana ƙwadago a lambunan ƙetare, ba a taɓa jin ya ce da na sani ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, ba kowace doka ce muguwa ba. Wadda take tsare maƙwabcinka, ka kiyaye ta da dukan zuciyarka. Amma in ƙungiyarku a kasuwa, ko a tasha, ko a wurin aiki, ta shirya danne marar ƙarfi, kada ka ɓuya a bayan "haka kowa yake yi". Irin wannan doka ba ta da hannu sai namu. Za ka iya rasa rabonka, wataƙila ma ba za a mayar maka ba a duniyan nan. Duk da haka ka ƙi. Ranar da za ka tsaya a gaban Ubangiji, ba zai kira ƙungiya ba. Da sunanka zai kira ka.