Zabirar Sarkin Aska Jatau

Ku matso kusa, yau ku ne alƙalai.

Jatau wanzami ne, shekara arba'in askarsa ba ta taɓa kuskure ba. Da tsufa ya zo, ciwon karkarwa ya kama masa hannun dama, ga ciwon sukari. Ranar wani suna ya ɗora aska a kan jariri, hannun ya kufce masa, jini ya zuba. Jaririn ya rayu, amma Jatau ya koma gida ya rataye zabira, kunya ta hana shi fita.

Babban ɗansa Namadi ya goya shi, mota zuwa mota, har ya samo likitan da ya gane ciwon ya rubuta ƙwaya. Ba don shi ba, da ana nan ana turare ana cewa iska ce.

Na tsakiya, Gambo, ya bar sana'arsa ya tare wajen tsohon, shi ne wanka, shi ne juya shi a shimfiɗa. Sai dai ya tashi da sanin ba a shan magani ciki wayam. Kullum sai ya cika uban da fura da nono, sannan ya ba shi ƙwayar da lemon kwalba marar sukari. Wata shida ana haka, Jatau yana kallon hannunsa yana lalacewa, har ya fara roƙon mutuwa.

Ƙaramin, Ilu, wanda ba ya leƙo gidan sai ranar kasuwa, ya lura duk safiyar da mai nono ta makara har aka ba tsohon ƙwayar kafin fura, karkarwar hannun takan lafa. Ya kwashi ƙwaryar nonon da kwalbar lemon ya kai wa likita. Likita ya ce, "Nono da nama suna tare wa ƙwayar nan hanya a ciki. Kayan zaƙin lemon kuma ban tabbatar ba, amma ku ajiye shi. Ruwa zalla, kafin abinci."

Hannun ya dawo, amma na ɗan lokaci kawai kowace safiya. Jatau ya san aska ta bar shi har abada, kuma ƙarfin da ya rage masa bai isa ya koya wa mutum uku sirrin wanzancin gidan ba. Ya sauko da zabirar ya dubi 'ya'yansa. Gambo ya sunkuyar da kai yana kuka.

To, wanda ya samo maganin, ko wanda ya yi jinyar har ya cuce shi da ƙauna, ko wanda ya gano kuskuren: wa Jatau zai miƙa wa zabirar?