Direban da Ya Ƙi Taka Birki

An yi wani mutum, wani bawan Allah direba, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Haladu ake ce masa. Shekara talatin yana jan bas tsakanin garinsu da birni, har furfura ta same shi a bayan sitiyari.

Wata shekara aka turo mai koyar da tuƙi tasharsu, aka ce kwana uku zai yi yana nuna wa direbobi yadda ake tsira in haɗari ya taso. Da direbobi suka ga malamin yaro ne, Haladu ma ya girme shi nesa ba kusa ba, sai suka watse, ban da Haladu. Wani Dogo, mai tsokana a tashar, ya ce, "Baba Haladu, har da kai? Ranar da ka fara tuƙi wannan ko rarrafe bai fara ba."

Haladu ya ce, "Ni dai zan ji. Ai ban gama sani ba."

Ya zauna a benci kwana uku cur. Bai iya rubutu ba, sai dai ya maimaita a baki kamar mai hadda. To, ku saurara. Cikin abin da aka koya akwai guda da ya tsaya masa a rai. Malamin ya ce in tayar gaba ta fashe ana cikin gudu, kada a danna birki. A riƙe sitiyari hannu biyu, a sassauta totur a hankali, a bar mota ta rage gudu da kanta.

Haladu ya ce, "Malam, ƙafata ba za ta yarda ba. Duk ranar da na tsorata, birki take nema."

Malamin ya ce, "Sai ka koya mata, Baba."

Ya kuwa koya mata. Kullum da safe, kafin a fara lodi, sai ya zauna a mota ya ce, "Ta fashe!" Ya damƙe sitiyari, ya janye ƙafa sannu sannu. Direbobi su yi ta dariya, wai Baba Haladu yana tseren motar da ke tsaye. Bai fasa ba.

Ana nan, ana nan. Wata rana da hantsi ya ɗauki mutum goma sha huɗu, yawancinsu mata masu zuwa suna, da kular waina a kan cinya. A gaba kuma wani dillalin shanu ne, Alhaji Mamuda, yana sauri ya riski kasuwa. Tirela na gabansu, Haladu ya bar mata tazara mai yawa kamar yadda aka koya masa.

Alhaji ya ce, "Direba, mota muka shiga ko jaki? Matsa ka wuce ta mana!"

"Za mu isa, Alhaji, in Allah ya yarda."

"Yaushe? Bayan an tashi kasuwa?"

Suna gangarowa wata gada sai aka ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar gaba ta dama ta fashe. Mota ta fizge ta nufi kwari. Mata suka ɗauki salati. Alhaji ya shiga dukan kafaɗar Haladu yana ihu, "Birki! Taka birki! Za ka kashe mu!"

'Yan uwa, Haladu ya ji ƙafarsa ta tashi tana neman birkin nan. Ya ji ta sarai. Ya hana ta. Ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito, mota na ja dama, shi yana riƙe ta a kan kwalta. Ƙarfe na kartar ƙasa, ƙaurin roba ya cika motar. Gabansa fili ne, saboda tazarar da ya bari, babu abin da zai daka. Gudu ya ragu, ya ƙara raguwa. Sai da suka haye gadar, mota na tafiya kamar keke, sannan ya ɗan taɓa birki, ya sauka gefe.

Can wata ta fashe da kuka, wata da dariya.

Alhaji ya ce, "Kai kurma ne? Sau nawa na ce ka taka?"

Haladu ya ce, "Na ji ka, Alhaji. Da na taka, da mota ta wuntsila. Da yanzu muna ƙarƙashin gadar nan, tayoyi a sama."

Wata tsohuwa, Inna Tasalla, ta taka ta leƙa kwarin, ta ga zurfinsa da duwatsun da ke ciki. Ta dawo ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce wa 'yarta, "Ke Ladiyo, buɗe kular nan ki ba bawan Allahn nan waina. Mai jego ta yi haƙuri."

Aka miƙa masa, bai ko kalle ta ba. Mutane kawai yake ƙirgawa. Sha huɗu. Ya sake ƙirgawa, sha huɗu, ba ko ƙwarzane. Alhaji Mamuda ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa da kansa ya kafa jak.

To, kun ji. Allah ne ya tsare su, amma ya tsare su ne ta hannun mutumin da bai ji kunyar zama a gaban na ƙasa da shi ya koya ba. Girman kai ba ya tsayar da mota, daɗewa a kan hanya ma ba ya yi. Ni hanya ta ci mini nawa, na san yadda gida yake zama in an shigo da takalmin mutum ba shi. Don haka in an kira mazanku da 'ya'yanku koyon tuƙi, ku tura su, ko sun ce sun iya. In kun shiga mota, kada ku zuga direba ya yi gudu, kada ku kama hannunsa in abu ya faru. Ku bar shi ya yi aikinsa, ku yi salatinku. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, mu kuma duk wanda ya fita, Allah ya maido mana da shi da ƙafarsa.