Jar Layar Sale Gatari

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, ga wata a gare ku, kuma ba mai tashi sai an yanke mini hukunci.

An yi wani ɗan dambe bahago, Sale Gatari, wanda gwiwarsa ba ta taɓa kaiwa ƙasa ba. Allah Ya shirye shi ya bar fage, ya zama ladan a masallacin unguwarsu, har yara suka tashi ba su san shi da wani suna ba sai Malam Ladan. Abu guda yake jin kunya a rayuwarsa: wata jar laya da yakan cusa ƙarƙashin zaren naɗe hannu. Ranar da ya tuba ya ƙone ta a murhu, gaban matarsa Barira da 'ya'yansu uku, ya ce ko da wasa kada a sake ambatonta. Bayan su babu mahalukin da ya sani.

Ana nan sai wasu samari masu kamfani a birni suka ƙirƙiro wasan faɗa na waya, suka sa wani jarumi bahago mai tabo a gira irin na Malam, suka kira shi Gatari. Malam dariya kawai ya yi, ya ce a wasa yau ka ci, gobe a ci ka, babu mugu babu nagari. Da wasan ya karɓu sai suka ce za su mai da shi fim na katun. Shi kuwa fim ba ya tafiya sai da mugu.

Rabilu, ɗan farin Barira, shi ya shigo mata da wani guntun fim ɗin a waya. Ta ga mijinta da jajayen idanu yana tsafi, ga jar laya ƙarƙashin zare, daidai gindin babban yatsa inda yake sa ta. In wannan abu ya fita, wa zai sake amsa kiran sallar mutumin? Wani abin kuma ya fi wannan ci mata rai: da ɗan gari akan ci gari.

Ta jira Malam ya fita la'asar, ta tara 'ya'yan nan uku.

"Wa ya kai labarin layar nan birni?"

Auta Nafi'u ya ɗaga yatsa sama. "Inna, wallahi..."

"Sauke hannunka! Kada wanda ya rantse mini. Ba zan zauna ina kallo ɗayanku ya ɗauki rantsuwar ƙarya ba. Ku je ku gyara kafin ubanku ya ji."

To, shi Rabilu shago gare shi inda matasa ke buga wasannin nan. Ba don shi ba da sai dai a wayi gari fim yana yawo a gari. Shi ne kuma ya binciko sunan mai tsara labarin, da ranar da za a saki fim ɗin, ya ce akwai sauran dama amma kaɗan ce. Barira ta sa masa albarka, ta koma ɗaki tana juya abin. Fim ɗin da ba a saki ba, ta ina ya shiga wayarsa? Ya ce wani mai zuwa shago ne ya tura masa. Ta tambayi ko wane ne, ya ce ba ta san shi ba.

Zubaida ta tsakiya gwanar zane ce a kwamfuta. Ta tafi birni ta sauka wajen gwaggonsu, ta nemi aiki a kamfanin, aka ɗauke ta. Ta tarar an riga an zana layar tun daga farkon fim har ƙarshe, ba ta ciruwa. Sai ta zauna ta zana sabon ƙarshe da hannunta, har idanunta suka kumbura, ta shawo kan mai tsara labarin cewa mugun da ya tuba ya fi shiga zuciya a kan wanda aka kashe. Ba don ita ba da babu abin da za a musanya tsohon ƙarshen da shi. Amma gwaggo ta bugo waya, cikin hira ta ce, "Ai 'yar taki sananniya ce. Ranar farko da na raka ta, maigadi da sunanta ya gaishe ta." Barira ta ce ikon Allah, ba ta ƙara ba.

Shugaban kamfanin ya ce shi fa lokaci ya ƙure, tsohon ƙarshen za a saki. Nan Nafi'u ya shiga mota. Ashe muryar Gatari da ke kirari a cikin wasan tasa ce, don duk gidan shi ya gado maƙogwaron uban, kuma a ɓoye ya je aka ɗauka. Masu buga wasan sun haddace muryar nan, ba za su karɓi wata ba. Ya zauna gaban na'urar ɗaukar murya ya kame bakinsa. Aka lallashe shi, aka yi masa barazana, ya ce sai da zanen yayarsa. Dole suka sauko.

Da ya dawo Barira ta dube shi ta ce, "Auta, ashe ka san hanya."

"Kirari kaɗai na yi musu, Inna."

"Uhm. Allah Ya sa."

Fim ya fita. A faɗan ƙarshe Gatari ya tsaya tsakiyar fage, ya warware zare, ya jefa jar laya a wuta, ya fuskanci abokin karawarsa da hannu tsura. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa suna yi wa Malam musafaha, liman har ya kawo misali da shi a wa'azi. Malam ya karɓi waya ya kalla daga farko har ƙarshe. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da tsohon zarensa na dambe, abu ɗaya da ya rage masa na zamanin, ya miƙa wa matarsa.

"Barira, ki ba wanda ya fi rufa mini asiri."

"Malam, in wanda ya rufa shi ne ya tona fa?"

Ya dubi inuwar katanga, ya ce lokacin salla ya yi, ya ɗauki hularsa ya fita.

Ya bar ta da zare a cinya, ga su ukun a zaune kan tabarma, kowa ya sunkuyar da kai. Da Rabilu bai kawo labari ba, da ba a sani ba. Da Zubaida ba ta zana ba, da babu gyara. Da Nafi'u bai kame baki ba, da zanen yana can a ajiye. Kuma cikinsu akwai wanda ya kai layar birni, ita kuwa ta hana rantsuwa.

To, ku da kuka ji, wane ne a cikinsu Barira za ta miƙa wa zaren nan hankalinta kwance?