Yadda Gidanmu Ya Samu Sunan Anaruwa

A zamanin da dajin da ke tsakanin duwatsun yamma da gulbi bai san gatari ba, fari ya koro wasu mutane daga arewa, kimanin gida ashirin. Maharba biyu ne ke gaban ayarin, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban sunansa Tunau, ƙaramin kuwa Anaruwa, don ana tsakiyar ruwan sama aka haife shi.

Tunau ne ya koya wa ƙanensa ɗana baka da haɗa dafi da bin sawu. Sai dai ƙanen ya zo ya fi shi hannu, mutane kuma ba su iya yin shiru da abin da suka gani. Duk zangon da aka sauka, makaɗa sai su ɗauko: "Anaruwa mai kibiya ɗaya! Dawa ta san takunka, wanda ka duba ya kwanta!" Tunau kuwa ba a nemansa sai an zo fiɗa. Ya yi ta murmushi yana gyaɗa kai, alhali kishi na cin sa kamar gara a cikin azara.

Suka iso wani tafki da ba ya ƙafewa rani da damina, ga baƙar ƙasa, ga inuwar tsamiya. Amma wurin da mai shi. Wata tsohuwar ɓauna ce, wadda aka ce faɗin ƙahonninta kamu bakwai ne, har ciyawa ta tsiro a gadon bayanta. Cikin kwana goma ta kashe masu ɗiban ruwa uku. Dattawa suka yanke magana: wanda kibiyarsa ta kashe ta, da sunansa za a kira garin, zuriyarsa ce kuma za ta riƙe shi.

Akwai wata tsohuwa mai magani a ayarin, Gwamma. Ita ta ja musu kunne.

"'Ya'yana, dabbar nan ba ta mutuwa ita kaɗai. Wanda ya kashe ta, kurwarta za ta bi shi, sai an yi masa wanka da wata saiwa da na zo da ita daga gida. Kwana bakwai take yi a jiƙe. Ta wanka ɗaya ce fa, ba ta da ta biyu."

Da hantsi wa da ƙane suka laɓe a bakin tafkin, suka saki kibau a tare. Ta Tunau ta kafe a jikin wani itacen marke. Ta Anaruwa ta shige bayan kafaɗar ɓaunar. Ɓauna ta ruga, ta je ta zube a fadama, Tunau kuma ya riga isa. Kowane maharbi da shaidarsa: kibiyar Tunau tsaga biyu gare ta, ta Anaruwa jan zare. Ya tsaya yana kallon jan zaren nan, kunnensa na jiyo masa kirarin da za a yi wa ƙanensa har jikoki. Sai ya zare ta, ya tura cikin laka, ya soka wata kibiya tasa a gurbin.

Anaruwa ya iso ya gani. Ta gindin marken nan ya biyo, ya ga kibiyar wansa a kafe, ya san abin da ya faru sarai. Amma ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban jama'a, ga jama'a kuwa sun taho da gudu.

"Yaya, harbi ya yi kyau," ya ce.

A ranar, karo na farko a rayuwar Tunau, makaɗa suka juyo da ganguna wajensa. Gwamma ta jiƙa saiwa.

A kwana na uku Anaruwa ya daina cin abinci. Ya ce yana jin takun kofato a bayansa duk inda ya juya. A na biyar ya kasa tashi. Tunau ya nufi bukkarsa da niyyar tona gaskiya, wannan kam kowa ya yarda da niyyar ya fito. Sai ya tarar da ƙofar cike da mutane, mata na kuka suna cewa in Anaruwa ya tafi wa zai ciyar da su. Shi da ya kashe musu ɓauna, a saninsu, ba wanda ya ko matsa masa hanya. Abin ya sake taso masa.

Da suka kaɗaita, Anaruwa ya kama hannunsa.

"Yaya, riƙe garin, ba na so. Ruwan wankan kawai ka bar mini."

"Gwamma da hannunta take yi, a gaban kowa. Ka san abin da za a ce da ni?"

"Na sani, Yaya."

"Bari mu ga gobe."

Gobe ta zo ta wuce. Ranar bakwai Tunau ya tsuguna a bakin tafki, Gwamma ta juye masa tukunyar tun daga ka. In a jikin wanda ya yi kisan ne, ruwan ja yake komawa. Wannan ya gangaro fari tas. Tsohuwa ta saki tukunya ta fashe.

"Tunau! Ka wanke jikin da ba abin da ke binsa, ka bar wa ƙanenka mutuwa!"

Kafin la'asar Anaruwa ya cika, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba.

Samari suka ce a kashe Tunau, wasu suka ce a kore shi. Gwamma ta ce ko ɗaya, hukuncin ya yi masa sauƙi. An yi alkawari zuriyar wanda ya kashe ɓauna ce za ta riƙe gari, to marigayi ba zai rasa zuriya ba. Aka jera 'ya'yan Tunau maza huɗu a bakin kabari, aka ba wa Anaruwa su. Tunau ya ƙara shekara arba'in a duniya, kullum yana ji ana kiran 'ya'yan cikinsa da sunan ƙanensa. Wasu na cewa ya yi nadama. Ni dai abin da ya iso ni shi ne, har ya tsufa in aka ɗauko kirarin nan tashi yake ya shige ɗaki.

Ni mai ba da labarin nan Anaruwa nake rubutawa a ƙarshen sunana, kuma na daɗe ina cika baki da shi. Da na tashi bin salsalarmu, na je wurin tsohon makaɗin maharba na garinmu, na zauna ina jiran ya kai ni ga jarumi. Ya ƙirga mini kakanni tara da yatsunsa, ya tsaya, ya dube ni.

"Ɗana, Anaruwa bai haihu ba. Sunan nasa ne, jinin na wansa ne."

Tafkin Anaruwa yana nan, bai taɓa ƙafewa ba, gidanmu ne kuma ke riƙe da garin. Amma har yau ba a raɗa wa yaro Tunau a gidan. Mutumin da ya haife mu duka, ko kabarinsa ba wanda ya sani.