Alewar Kunkuru da Haƙorin Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna saurare.

Ranar jajiberen Sallah, Kunkuru ya dafa sukari zai yi wa surukarsa Kura alewa.

Kurege ya ce, "Malam, ja ta da zafinta kafin ta sandare!"

Kunkuru ya ce, "Saurin me? Bari in shafa mai a hannu."

Kafin ya gama, alewa ta zama dutse. Haka ya kai mata.

Kura ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗana." Tana gartsa cizo, haƙori ya yi tsalle.

Dabbobi suka ce haɗamarta ce. Ban yarda ba! Kyauta aka ba ta. A sa Kunkuru ya cinye sauran. Ba shi da haƙori? Ya tsotsa har Babbar Sallah!

Ƙurunƙus, ga kan ɓera nan.